Me Ya Hana Bahaushe Cewa Ƙuɗi?

Lacca kan jituwar baƙaƙe, wadda aka gabatar gaban malaman firamare da masu koyar da yaƙi da jahilci na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, jihar Maraɗi

Malamai maza da mata, da waɗanda suka taso daga Gangara da Ɗan Saga, da waɗanda suka yi sammako tun daga Tsibiri da Gidan Sori, sannunku da hanya.

Kafin mu je ga allo, ina so mu fara da baki. Kowa ya ce kuɗi. Madalla. Kowa ya ce ƙuda. To yanzu ku ɗauko ƙ ta ƙuda ku aza ta gaban ɗ ta kuɗi, ku ce ƙuɗi. Kun faɗa, kuma ba wanda harshensa ya karye. Amma na ga fuskokinku. Kowa ya ji a jikinsa cewa wannan ba kalmar gidanmu ba ce, alhali ƙ tamu ce, ɗ ma tamu ce. Ba malamin da ya koya mana wannan doka a lakwal, ba ta cikin littafin aji ɗaya, amma tsohuwar da ke auna aya a kasuwar Gazawa tana kiyaye ta tun safe har a watse, ba tare da ta san sunanta ba.

Batun da aka ba ni shi ne jituwar baƙaƙe, a harsunan da al'ummu suka gada kaka da kakanni da kuma waɗanda mutum ya zauna ya ƙirƙira da alƙalami. Galibi idan ana wannan zance sai a tafi Amurka ko Kongo neman misali. Za mu je can, amma Hausa tana da rabonta a ciki, kuma rabon nan yana tattare da haruffan nan masu ƙugiya da muke yi wa riƙon sakainar kashi a rubutu.

Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko naso. Muna rubuta gidan Bala, baki ya ce gidam Bala. Muna rubuta rigar sarki, baki ya ce rigas sarki. Wanda ya yi karatun tajwidi ya san wannan tun yana ƙarami: nun mai ɗauri idan ta ci karo da ba sai ta koma mim, shi ne iƙlabi. Haka t ta mota ke komawa c a motoci, z ta kaza ta koma j a kaji, saboda wasalin da ke manne da su. Duk wannan sha'anin maƙwabta ne masu katanga ɗaya. Jituwa daban take. Baƙi biyu ne da ba su taɓa juna, akwai wasali a tsakaninsu, wani lokaci har da wasu baƙaƙen, amma ɗaya ya hango ɗaya daga nesa ya tilasta masa su yi kama. Kamar ƙawayen amarya ne a gidan biki: ba lalle su zauna tabarma ɗaya ba, anko ne ke nuna su.

Baƙaƙenmu masu hamza su ne ɓ, ɗ, ƙ, ts, ƴ, da ita hamzar kanta. Masana tsarin sauti suna kiran ɓ da ɗ haɗiyau, suna kiran ƙ da ts tunkuɗau. Abin da ya haɗa su duka shi ne maƙwallato yana tsukewa lokacin furta su. Ku sa yatsa a maƙogwaro ku ce baki, sannan ku ce baƙi, za ku ji motsin.

To ga dokar. A cikin saiwar kalma ɗaya ta asalin Hausa, da ƙyar ne za ka sami biyu daga cikinsu mabambanta sun zauna tare. Ku dubi abin da ke kewaye da mu. Kuɓewa da k take farawa, saboda ɓ tana gaba. Haka kwaɗo, kiɗa, kitso, kitse, kaɗan, kwaɗayi, kuɓuta. Idan kuma ƙ ce ta riga shiga, na bayan sai ya zo ba ƙugiya: ƙiba, ƙadangare, ƙuduri. Ɗaki, ɗinki, ɗoki, duk k ce a tsakiya. Ɗiba da b take. Tsaka, tsoka, tsaba, tsada. Baɗi, buɗe, da biɗa da muke cewa a nan inda Bakano zai ce nema. Daɓe, duƙa, datse. Matar da ke koɗa dutsen niƙa da mahaucin da ke yanka ƙoda kowanne ƙugiya ɗaya ya samu, ita a baya, shi a gaba, kuma ba wanda ya tara biyun. Har sunayen garuruwanmu ba su fita ba. Katsina, inda sarautar Maraɗi ta fito, da k take, don ts na jiran ta a gaba. Tsibiri, inda Gobirawa suka kafa zama bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da b take, don ts ta riga ta.

Wannan rabin dokar ke nan, kuma shi ya fi kama da ƙi da gujewa. Ɗaya rabin shi ne ainihin jituwa. Idan baƙin biyu iri ɗaya ne sak, ba laifi, suna zama lafiya: tsatsa, tsutsa, tsotsa, tsuntsu, tsintsiya, ƙoƙari, ƙaiƙayi, ƙanƙara, ɗanɗano, ɓarɓashi, ƴaƴa. Idan kuma wurin furucinsu ɗaya ne, to ko dai duka su ɗauki ƙugiya ko duka su ajiye. Muna zuba koko a ƙoƙo. Babu ƙoko, babu koƙo. Mu nan muna gaisuwa da "ƙaƙa gida?", muna girbi da kaka, amma ƙaka da kaƙa ba su da gurbi a bakinmu. Wani daga cikinku zai ce ai yawancin waɗannan ninki ne, gaɓa ɗaya aka maimaita, dole su yi kama. Gaskiya ne ga da yawa. Sai dai ninki ba zai bayyana mana dalilin da ya sa ba mu da saiwoyi masu ɗ sannan d, ko ɓ sannan b, ko ts sannan s ba. Wurin nan a buɗe yake, harshe ne ya ƙi shigarsa.

Kuma dokar tana da gaba da baya. Daɗi, daɗe, daɗa, duk d ce ta fara ɗ ta biyo, kuma ba wanda ya ji nauyinsu. Santsi da sartse ma s ce ta fara ts ta biyo. Ku juya su, ku ce ɗadi ko tsansi, nan take kunne zai tofar. Akwai kuma ƴan tawaye kaɗan, irin su ƙarko, wadda ƙ ta fara k ta biyo. Ku kasa kunne, za ku ji wasu bakunan suna gyara ta da kansu su ce ƙarƙo. Ni dai wannan gyaran da ba wanda ya yi umarni da shi ya fi gamsar da ni cewa dokar tana da rai fiye da duk jerin misalan da na kawo.

Ba ni na gano wannan ba. F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Landan, ya yi bayaninsa a wata maƙala ta 1970. Paul Newman ya faɗaɗa shi a babban nahawunsa na Hausa da ya fito a 2000. Margaret MacEachern kuwa, a littafinta na 1999, ta jera Hausa tare da wasu harsunan duniya masu irin wannan tarnaƙi na maƙwallato, daga cikinsu har da na tsaunukan Kudancin Amurka da zan zo kansu.

Ina dokar take tsayawa? Tana tsayawa a bakin saiwa. Harɗaɗɗiyar kalma ba ruwanta: ɗan ƙasa, ɗan tsako, har da ɗafa-ƙeya da malaman nahawu suka ƙirƙiro, kowane ɓangare da tasa ƙugiya. Kalmomin aro ma suna shigowa da kayansu. Ƙa'ida, ƙuri'a, ɗabi'a, ɗa'a, kowacce ta haɗa mai ƙugiya da hamza, kuma kowacce daga Larabci ta zo. A nan akwai wani abu da ya kamata malamin aji ya lura da shi. Kalmar da muke rubutawa da wasali a farko, irin su aya, ido, uku, iska, a baki da hamza take farawa, rubutawa ne ba ma yi. Saboda haka ita ma dokar ta hau kanta. Ku nemi kalmar asalin Hausa mai farawa da wasali wadda ke da ƙugiya a ciki, za ku sha wuya. Abin da za ku yi ta samu shi ne h a farko: hatsi, haɓa, haƙori, haɗa, haƙa. Waɗanda suka fara da wasali suka kuma ɗauki ƙ, wato aƙida, uƙuba, iƙirari, alƙali, alƙalami, baƙi ne daga gabas. Ke nan dokar tana iya nuna maka ɗan gida da baƙo. Malaman Larabci na da sun yi aiki da irin wannan ma'auni, suka ce jim da ƙaf ba sa haɗuwa a kalmar asalin Larabci, idan ka gan su tare to aro ce. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, shi ne a 1950 ya bi saiwoyin Larabci da ƴan'uwansa ya nuna yadda baƙaƙe masu mafurta ɗaya ke guje wa juna a cikinsu.

Yanzu mu leƙa maƙwabta. A jihar Yobe ta Nijeriya, wajen Potiskum, akwai harshen Ngizim, ɗan'uwan Hausa ne na jini a cikin dangin harsunan Cadi. Marigayi Russell Schuh, wanda ya yi aikin yaƙi da jahilci irin naku a nan Nijar a shekarun 1960, ya nuna cewa jituwar Ngizim ta ziza ce. Mu muna cewa kaza, k marar ziza, z mai ziza. Su suna cewa gaza: z ta waiwayo ta shafa wa k ziza ta koma g. Mu muna cewa shida, su suna cewa zədu, d ce ta jawo na farkon. Amma huɗu a wurinsu fəɗu ce, f ba ta motsa ba, domin ɗ ba ta shiga wannan sha'ani, ko da yake ita ma ana jin ziza a cikinta. Ku lura, na baya ne ke juya na gaba. Gunnar Hansson, wanda ya tattara misalai daga harsuna fiye da 100 a kundinsa na 2001 da ya zama littafi a 2010, ya ga cewa haka abin ya fi yawa a duniya: baƙin da bai iso ba tukuna shi ke sauya wanda ake kan furtawa.

Buzayen da muke haɗuwa da su a kasuwannin dabbobi suna da tasu, kuma tasu a fili take aiki. A harshensu ana ɗafa s a goshin aikatau don nuna an sa wani ya yi abu: əlməd koyo, səlməd koyarwa. Idan a cikin saiwar akwai z ko sh, sai s ɗin nan ta rikiɗe ta zama irinta, ko da akwai wasu sautuka a tsakani. Jeffrey Heath ya yi bayanin haka a nahawun Buzancin Mali na 2005. Ƴan'uwansu Kabilawa na Aljeriya suna da enz, a sayar da abu, amma wanda ya sayar sai a ce zzenz, da z. Wannan irin jituwa ta s, z, sh da danginsu ita ta fi kowace yaɗuwa a duniya. Abin da ya sa tamu ba ta fito fili haka ba shi ne ɗafe-ɗafen Hausa, su ma-, ba-, -anci, -awa, -una, ba su ɗauke da ƙugiya, don haka ba mu ganin dokar tana sauya wani abu a gabanmu. A jam'i kuwa kwafi ake yi, kuɗi kuɗaɗe, wuƙa wuƙaƙe, gaɓa gaɓoɓi, kuma kwafi bai saɓa mata ba.

Misalin da ya fi ba ni sha'awa daga kudancin Nijeriya yake, cikin harsunan Ijo na bakin teku. Su ma suna da b da ɓ, da d da ɗ, kamar mu. Amma dokarsu ta ce a saiwa ɗaya ko duka haɗiyau ko duka ba haɗiyau ba. A Izon na Bumo ana kiran fadama ɗaɓa. Wannan kalma ce da Hausa ba za ta haifa ba. Mu kuma muna da daɓe, wadda su ba za su haifa ba. Sautukan ɗaya ne, maƙogwaron ɗan Adam ɗaya ne, hukuncin ya sha bamban. Saboda haka kada wani ya ce muku ƙuɗi wuyar faɗa ne da ita shi ya sa babu ita. Habashawa masu Amharanci suna da wata gurasa da suke kira da suna mai tunkuɗau biyu mabambanta, kuma ƴaƴansu na faɗinsa kullum.

A tsaunukan Peru da Bolibiya akwai harsuna biyu maƙwabtan juna. Kecuwa ta Kusko ba ta yarda da tunkuɗau biyu a saiwa ko da iri ɗaya ne, burodi a wurinta t'anta. Aimara ta Bolibiya ta yarda idan iri ɗaya ne, ta ce t'ant'a. Wato hukuncin Aimara shi ne hukuncin tsatsa da ƙoƙo, tsakanin mutanen da ba su taɓa cin kasuwa ɗaya da mu ba. Sauran zan bi ta kansu da sauri. Nabaho na Amurka suna cewa shimá, mahaifiyata, amma sitsilí, ƙanena, shi ta koma si saboda ts da ke gaba. A Kikongo, ɗafin -idi yana komawa -ini idan akwai ɗan hanci a saiwa. A Sanskirit na tsohuwar Indiya, n ta ƙarshen sunan Ramayana da naɗe harshe ake furta ta saboda r da ke can farkon kalma, kuma malamin nahawu Panini ya rubuta ƙa'idar tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

Me ke kawo wannan? Amsar da ta fi kwanta mini ita ce wadda Hansson, da kuma Sharon Rose da Rachel Walker a maƙalarsu ta 2004, suka karkata gare ta. Mai magana ba ya ƙera sauti ɗaya bayan ɗaya. Tun kafin ya buɗe baki ya riga ya jera kalmar a ƙwaƙwalwa, kuma sautukan da suka yi kusan kama, amma ba su zama ɗaya ba, su ne ke sarƙewa. Duk kun san wasan karya harshen nan na ƙato da kwaɗo da ƙoto. Ku sa yaran aji su yi shi da sauri, ku saurari inda suke faɗuwa. Ba a kan wasula suke tuntuɓe ba. Ƙugiya ce ke tsalle daga kalma zuwa kalma, ka ji ƙwaɗo, ka ji kato. Harshe yana da mafita biyu daga wannan sarƙaƙiya: ya mai da sautukan iri ɗaya sak, ko ya raba musu gida. Hausa ta ɗauki duka biyun, shi ya sa muke da ƙoƙo a hannu ɗaya da kuɗi a ɗaya hannun.

Yara ƙanana sun fi manya zafin jituwa. Ɗan shekara biyu yakan ce kaki yana nufin ɗaki, ya jawo k ta baya ya shimfiɗa a farko. Neil Smith ya rubuta littafi guda a 1973 kan maganar ɗansa mai koyon Ingilishi, kuma irin wannan ya cika shi. Abin lura shi ne yaro yana sauya mafurta ɗungum, daga tsinin harshe zuwa ƙurya, abin da ba a samun harshen manya ya mai da shi doka. Yana girma yake bari. Iyaye mata da ke nan, idan kun ji haka a bakin ɗan yaye, ba ciwo ba ne.

Mu koma ga harsunan ƙirƙira. L. L. Zamenhof ya fitar da Esperanto a birnin Warso a 1887 don ya zama harshen duniya. A Gana, K. A. Kumi Attobrah ya fito da Afrihili a 1970 don ya haɗa Afirka. A Nijeriya, Alexander Igbineweka ya ƙera Guosa daga Hausa, Yarbanci, Ibo da wasu harsunan ƙasar. Niyyarsu kyakkyawa ce, kuma ban raina ta ba. Amma mai irin wannan aiki kalmomi yake tsintowa daga gidaje daban-daban, kuma dokar da ke hana wannan baƙi zama da wancan ba ta biyo kalma ɗaya, sai an tara dubbai take bayyana. Ga kuma son sauƙi: mai ƙirƙirar harshen haɗin kai yana son ɗafi ya tsaya da siffa ɗaya, kada ya yi ta rikiɗa kamar s ta Buzanci. Shi ya sa Esperanto ba ta da jituwar baƙaƙe. Masu ƙirƙira don littafi da fim su kuma wani abu suke nema, kunnen mai sauraro ya ji baƙunta. Paul Frommer, da ya ƙera harshen Na'vi na fim ɗin Avatar na 2009, ya sa tunkuɗau uku, yana rubuta su px, tx, kx. Kx ɗin nan ita ce ƙ tamu. Kalmar mutuwa a harshen ita ce kxitx, tunkuɗau biyu mabambanta a gaɓa ɗaya. Ba kuskure ba ne, tun da mun ga Amharanci ya yarda da irin haka. Sai dai kunnen Bahaushe zai gane nan take cewa wannan harshe ba danginsa ba ne, ko da bai san dalili ba.

Akwai wasu ƙirƙirarrun harsuna da ba a yi su don a yi magana da su ba, sai don gwaji. Masu bincike kan ƙera ƴan kalmomi marasa ma'ana masu bin wata doka a ɓoye, su kunna wa mutane na ɗan lokaci, sannan su gwada su da sababbi. Sara Finley ta yi haka da jituwar s da sh a 2011. Waɗanda suka ji jituwar tana aiki daga nesa sun ɗauka tana aiki a kusa ma. Waɗanda suka ji ta a kusa kawai ba su miƙa ta nesa ba. Haka kuwa harsunan duniya suke: ana samun mai jituwa a kusa kaɗai, ana samun mai kusa da nesa, amma mai nesa ban da kusa ba a cika karo da shi ba. Mutanen da aka gwada ba su san sun koyi doka ba, kamar dai yadda mu ba mu san mun koyi tamu ba.

Mu ma muna da harshen ƙirƙira, kuma da yawanku kun yi shi a dandali: zaurance. Ƴar ƙasarmu Ousseina Alidou ta rubuta kundin digirinta na uku a Jami'ar Indiyana a 1997 kan irin waɗannan wasannin harshe a harsuna shida na Nijar. A wani nau'in zaurancen ana cusa b bayan gaɓa a maimaita wasalinta, gida ta koma gibida. Ku gwada da kalmominmu na farko: kubuɗi, ƙubuda. Wasalin yana kwaikwayon maƙwabcinsa, baƙin da aka cusa kuwa yana nan b, ba ƙugiya, don haka yana shiga kowace kalma ba ya taka dokar. Da ɓ yaran suka zaɓa, da sun yi ta haifar da ƙuɓuda da kuɓuɗi. A ganina ba banza kunnensu ya kai su ga baƙi marar ƙugiya ba.

Abin da ya kawo ni gabanku ke nan, domin daidaitacciyar Hausa da muke koyarwa ita ma da hannun mutum a cikinta. Mutane ne suka zauna suka zaɓi haruffa. Hanns Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, ƙugiyoyin suka shigo a shekarun 1930, aka yi taron Bamako a 1966, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, ƙa'idar rubutu ta Nijar ta 1999 kuma ta tabbatar mana da ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. A ɗaya gefen, taswirar Faransa ta mai da Maraɗi Maradi, ta mai da Tsibiri Tibiri, wayar hannu kuma ta zo ta ƙarasa sauran. Yau yaro yana ganin kudi da kuda a saƙo, ba abin da ke nuna masa ina ƙugiyar take.

Idan kun karɓi kaye kuna gyaran dikte, kuskure iri biyu za ku gani. Akwai yaron da ke zubar da ƙugiya gaba ɗaya. Akwai kuma mai ƙwazon da ya ji an ce ƙugiya na da muhimmanci, sai ya yi ta yayyafa ta: ƙaɗan, ƙwaɗayi, ƙuɓewa. Wani kuma ya sa ɗaya ya manta ɗaya, ya rubuta ƙokari ko kwaƙwalwa. Jan biro kawai ba ya warkar da wannan. Ku ba shi dokar a jimla biyu: ƙugiya biyu mabambanta ba sa zama a saiwa ɗaya, idan kuma k biyu ne to ko duka ko babu. Sannan ku sa shi ya faɗi kalmar da ƙarfi yadda ya rubuta ta. Da ya ji ƙaɗan ta fito daga bakinsa zai yi dariya ya gyara da kansa, don kunnensa ya riga hannunsa sani. Manyan da ke ajin yaƙi da jahilci sun ma fi yara saurin kama wannan, saboda sun fi su daɗewa da harshen.

Haka nan masu ƙirƙiro mana sababbin kalmomi na lissafi, kimiyya da kiwon lafiya. Kalmar da aka harɗa daga guda biyu tana da ƴancinta. Amma idan za a gutsure kalmomi a narka su su zama saiwa ɗaya, ko a Hausantar da baƙuwa, a gwada ta da wannan ma'auni kafin a buga ta a littafi. Malaman da suka ba mu tunkuɗau da haɗiyau sun dace, kowacce ƙugiya ɗaya gare ta, shi ya sa suka zauna a baki.

Akwai kuma aikin da ku kaɗai za ku iya. Yawancin abin da aka rubuta kan wannan doka a kan Hausar Kano aka gina shi, ko da yake ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana kalmomin Katsina da Sakkwato da Gobir masu yawa. Ku kuwa kuna zaune inda Katsinanci da Gobiranci ke gogayya, daga Gulbin Kaba zuwa Gulbin Maraɗi. A nan ana cewa ɗiya inda Kano ke cewa ƴa. A Hausar yamma akwai tunkuɗau na ƙari, c', wanda ake ji a c'ada maimakon tsada. Kowane ɗayan waɗannan wuri ne na gwada dokar. Roƙona shi ne kowane malami ya ware ƴan shafuka a bayan kaye. Duk kalmar da kuka ji mai ƙugiya biyu mabambanta, ko mai ƙugiya da takwararta marar ƙugiya, ku rubuta ta yadda aka faɗe ta, ba yadda littafi ya ce ba, da sunan ƙauyen, da ko tsoho ne ya faɗa ko yaro. Ku fi kasa kunne ga sunayen itatuwa da ciyayi, da kalmomin maƙera da majema da masaƙa, da amsa-kama irin na masu ba da labari, domin a nan ne kalmomin da ƙamus bai kama ba suka fi yawa.

Shugaban taro, a nan zan dakata. Wanda ke da tambaya, ko wata kalma daga garinsu da yake ganin ta karya dokar, bismillah.